Yadda Ake Gano Aikau da Aikatau a Jimlar Turanci

Ɗalibin da ke shirin WAEC, NECO ko JAMB a Zariya, da wanda ya shiga ajin farko a ABU yana fama da kwas ɗin Turanci na dole, sau da yawa wuri ɗaya suke zubar da maki a tambayoyin concord, wato daidaita aikatau da aikau a tilo ko jam'i: suna zaɓar aikatau, wato verb, ba su san wane ne aikau ba, wato subject.

Ka fara neman aikatau, aikau ya jira. Aikau kan yi tsawo har kalma goma, aikatau kuwa da kansa yake tona asirinsa idan ka sauya lokacin jimlar. Ɗauki "The traders in Sabon Gari market open their shops early." Sa "yesterday" a gabanta. Kalma ɗaya ce za ta motsa, "open" ta koma "opened". To, ita ce. Irin su "put", "cut" da "hit" ba sa canza kama a shuɗaɗɗen lokaci, don haka ka gwada su da "tomorrow": inda "will" ta zauna, kalmar da ke biye da ita ce aikatau. Haddar firamare da ke cewa aikatau kalmar aiki ce ba ta isa ba, domin "is", "have" da "seem" ba wani aiki suke nunawa ba, amma duk suna cin wannan gwaji.

Idan aikatau ya zo da 'yan rakiya, kamar "has been waiting", ka ja layi ƙarƙashinsu gaba ɗaya, amma na farkon ne ke bin aikau a tilo ko jam'i. Kalma mai "-ing" da ke tsaye ita kaɗai, ko wadda "to" ta gabace ta, ba ita ce aikatau ɗin jimla ba. A "Riding to Samaru at night is risky", aikatau "is" ne.

Da ka kama shi, sai ka sa "who" ko "what" a gabansa ka yi tambaya. "What is risky?" Amsar ita ce aikau.

Nan ne masu tsara jarrabawa ke ɗana tarko, kuma a nan ya kamata ka fi daɗewa. Sukan cusa jerin kalmomi tsakanin aikau da aikatau don kunnenka ya bi sunan da ya fi kusa. Duba "The price of onions and tomatoes in Tudun Wada ___ rising." Ido ya ga albasa da tumatir, hannu sai ya ruga wajen "are". Ɗauki fensir ka soke duk gungun da ya fara da "of", "in", "at", "from" ko "with". Me ya rage? "The price ___ rising." Farashi ɗaya ne, amsa "is". Haka "One of my friends lives at Kongo", aikau "one" ne, shi ya sa "lives". Haka kuma "as well as" da "together with": ba su da ƙarfin "and", ba sa mai da tilo jam'i. "The principal, together with the teachers, is coming."

Wani kuskuren daga Hausarmu yake tasowa. Mu muna cewa "Audu ya tafi", sunan da wakilinsa tare, kuma lokacin yana jikin "ya", "yana" ko "zai". Shi ya sa za ka ga yaro ya rubuta "Audu he went", ya tara aikau biyu inda ɗaya ake buƙata. Mukan kuma ce "garin da zafi" jimla ta cika, amma "The town very hot" ba jimla ba ce sai an sa "is". Sai rikicin "s": a jikin suna jam'i take nunawa, a jikin aikatau tilo. "The bus stops", amma "The buses stop".

Tambaya ka mai da ita bayani kafin ka nema: "Where are the students going?" ta zama "The students are going". "There" ba aikau ba ce, aikau yana can bayan aikatau: "There are many tailors here." A umarni kamar "Close the gate", aikau "you" ne da ba a furta ba.

Jimla mai "who" ko "which" a tsakiyarta aikatau biyu gare ta, kowanne da nasa aikau. A "The woman who sells books near Kofar Doka knows my sisters", rufe daga "who" zuwa "Doka" da yatsa, sai "The woman knows" ta fito. Inda dokar soke sunan da ya fi kusa da aikatau ke juyawa shi ne "either… or" da "neither… nor". A nan sunan da ya fi kusa da aikatau shi aikatau yake bi: "Neither the teacher nor the students are ready", amma "Neither the students nor the teacher is ready."