Yadda ake adana fayil a Linux ba tare da ɗaukewar wuta ta cinye shi ba

A Gombe wuta ba ta sallama kafin ta tafi, kuma a nan masu koyon rubuta manhaja suke shan mamaki. Manhaja ta ce ta adana, aka tada janareta, aka buɗe fayil, wayam. Dalili shi ne write(), kiran da manhaja take yi don rubutu a fayil, ba ta kai komai faifai nan take. Kanel, wato zuciyar Linux, yana riƙe rubutun a RAM, wani lokaci har daƙiƙa 30, kuma shi yake zaɓen abin da zai fara sauka. Abin da ke cikin fayil daban, girmansa da guraben da ya mamaye suna cikin wani ƙaramin kundi da ake kira inod, sunansa kuma yana cikin folda. Rubutu uku ke nan, kai za ka jera su.

Kada ka yi rubutu a kan tsohon fayil. Buɗe sabo na wucin gadi a cikin foldar da tsohon yake, domin da rename(), kiran canza suna, za ka ɗora shi a gurbin tsohon, ita kuwa ba ta tsallaka daga wannan tsarin fayil zuwa wancan. Zuba bayananka duka, sannan ka kira fsync() a kansa, kiran da yake tilasta kanel ya sauke rubutun a faifai.

Wannan kiran ne ake tsallakewa saboda gaggawa. In ka yi rename() kafin shi, sabon suna na iya riga bayanan isa faifai. Wuta na tafiya, suna yana nuna inod mai girman sifiri, tsohon kuma ya tafi: ba tsuntsu, ba tarko. Haka ya faru da masu amfani da tsarin fayil na ext4 a 2009, har aka sa wani gyara mai suna auto_da_alloc a kanel 2.6.30 don rage ɓarnar. Faci ne na ext4, kada ka dogara da shi. Ƙa'idar ta girme shi: tun 1994 masu bincike Ganger da Patt suka rubuta cewa kada manuni ya nuna abin da ba a gama shimfiɗawa a faifai ba, kuma kada a goge manuni na ƙarshe kafin sabon ya zauna. Rajistar da ext4 yake riƙewa tana kare tsarinsa ne, ba ta yi maka alkawarin adana aikinka ba.

Bayan rename(), buɗe foldar kanta da O_RDONLY, wato don karatu kawai, ka yi mata fsync(). In ba haka ba, bayanai sun sauka amma sunan na iya komawa kan tsohon fayil, alhali ka riga ka buga wa mai shago rasit.

Duba amsar fsync(). In ta dawo da EIO, wato kuskuren rubutu a faifai, kada ka sake kira ka ɗauka an gyara. Kira na biyu na iya cewa lafiya lau bayan an watsar da rubutun. Masu manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL sun gano haka a 2018. Sake rubuta fayil ɗin daga farko.

Akwai tsada, gaskiya. Faifai mai juyi 7200 a minti yana cin sama da milisakan 8 a zagaye ɗaya, don haka tara rubutu da yawa ka yi fsync() ɗaya. Amma zaɓin nobarrier da ake sa wa tsarin fayil don sauri, bar shi sam, yana hana a umarci faifai ya juye ma'ajiyarsa. Filas mai arha kuwa wani yakan amsa an gama bai gama ba.

Wajen gwaji, kashe manhaja da kill -9 ba ya nuna komai, tunda kanel yana raye zai ƙarasa rubutun. Samu tsohuwar kwamfuta, cire batirin, ka fizge waya tana tsakiyar rubutu, sau da yawa.