Yadda Ake Haɗa Zogale, Tafarnuwa da Yis a Abincin Kifi da na Dabbobi

Tun daga ranar 1 ga Janairun 2006 da Tarayyar Turai ta haramta zuba maganin antibayotik a abincin dabbobi don kawai su yi saurin girma, hankalin masu kiwo ya ƙara karkata ga tsirrai da yis. Sai dai waɗannan ƙari ne a kan abinci mai kyau, ba sa gyara abincin da tun asali bai da inganci, kuma galibi a wajen shiryawa da gaurayawa amfaninsu yake salwanta.

Da farko a zaɓi abu guda, a kuma san dalilin zaɓensa. Busasshen ganyen zogale yana ɗauke da furotin kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa. Tafarnuwa tana da sinadarin alisin mai yaƙar ƙwayoyin cuta, wanda ba ya samuwa sai an daka ta ko an yanka. Shi kuwa yis mai rai yana shanye iskar oksijin a tumbin shanu da tumaki, abin da ke taimaka wa ƙananan halittun da ke narkar da ciyawa, sannan ɓawonsa yana ƙarfafa garkuwar jikin kifi.

Bayan nan sai shanya. A baza ganyen ko yankakkiyar tafarnuwar a inuwa, inda iska take kaɗawa, ana juyawa har sai ganyen ya riƙa murmushewa a tafin hannu, domin rana mai zafi tana lalata bitamin. A daka, a tankaɗe, a zuba a mazubi mai murfi. Duk garin da ya yi fumfuna a zubar da shi ba tare da ƙyashi ba, saboda wani nau'in fumfunar yana haifar da guba mai suna aflatoksin, mai illata hanta.

Awo da sikeli ake yi, ba da ƙiyasin hannu ba. Ga kifi, a fara da giram 5 zuwa 10 na garin tafarnuwa a kowane kilo na abinci. Zogale kada ya wuce kashi 10 cikin 100, domin yana da sinadaran tanin da safonin, masu ɗaci, waɗanda idan sun yi yawa suke rage wa kifi cin abinci, girmansa ya ja baya. Game da yis, a bi abin da aka rubuta a jikin ledarsa.

Gaurayawa ita ce ta fi buƙatar haƙuri. Ba a zuba giram goma a tsakiyar babban buhu a ce an gama. Ana cakuɗa garin da ɗan abinci kaɗan tukuna, a ninka, a sake cakuɗawa, a haka har ya game ko'ina. Injin da ke yin ƙwayar abincin kifi mai yawo a saman ruwa zafinsa yakan haura digiri 100, kuma hakan yana kashe yis ya kuma lalata alisin, don haka ya fi dacewa a dama garin da cokali biyu na man girki, a shafe kilo ɗaya na ƙwayar da shi, a bar ta ta sha iska a inuwa. Man ne yake riƙe garin kada ruwa ya wanke shi kafin kifi ya haɗiye. Ga dabbobi kuwa, a zuba a cikin dusa mai ɗan danshi, don idan aka barbaɗa a busasshiyar harawa, ƙasan kwano yake tarewa.

A shigar da sabon abincin sannu a hankali cikin kwana 10 zuwa 14, ana lura da kashin dabbobin da yadda suke tuƙa. Tafarnuwa mai yawa tana sa wa madara wari, tana kuma iya jawo ƙarancin jini. Dabbar da ta riga ta kamu da cuta kuwa, likitan dabbobi take buƙata.

A ƙarshe a ware tanki ɗaya, ko wasu 'yan dabbobi, a bar su a kan tsohon abinci. A auna nauyin ɓangarorin biyu duk bayan mako biyu, a rubuta tare da yawan abincin da kowanne ya ci. Idan wata biyu ya wuce ba a ga bambanci ba, sai a daina, a gwada wani.