Yadda Ake Zaɓar Sunan Ruwan Roba Kafin A Kai Wa Maɗaba'a

Yawancin waɗanda na ga sun shiga harkar ruwan roba a Kano suna fara haƙa rijiyar burtsatse da sayen inji, su bar maganar suna sai ranar da mai buga takardar da ake mannawa a jikin roba ya tambaye su.

Da farko ka rubuta sunaye kamar biyar, kada kowanne ya wuce gaɓa uku. Dubi Faro da Eva da Swan, duk a numfashi ɗaya ake faɗarsu. Ka sa yaro mai talla a Ƙofar Nassarawa ya ɗaga murya da sunan cikin hayaniyar Adaidaita Sahu. Idan fasinja bai kama shi ba, soke shi. Ka guji haruffa masu lanƙwasa, domin Daɗi yakan koma Dadi a hannun mai bugawa, kuma dillalan Sabon Gari da Kasuwar Singa ba duka ne Hausawa ba. A ganina kuma bai dace a sa sunan Allah ko Zamzam ba, tunda robar da aka shanye a kwata take ƙarewa.

Matakin da ya kayar da ni shi ne na gaba. Rajistar CAC, wato hukumar yi wa kamfanoni rajista, ta sunan kamfani ce, ba ta mallaka maka sunan da ke jikin roba. Wannan aikin ofishin rajistar alamun kasuwanci ne, wanda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari a Abuja, kuma ruwan sha yana rukuni na 32 a rabe-raben kayayyakin da ofishin ke yi wa rajista. Ni da takardar CAC kawai na dogara, na buga takardun mannawa nadi-nadi, sai daga baya lauya ya gano cewa wani ya riga ni da suna mai kama da nawa, bambancin harafi ɗaya tak. Har yau suna jibge a sito a Sharaɗa, ƙura ta rufe su. Saboda haka ka ba lauya ko wakili sunayen nan biyar gaba ɗaya ya bincika, domin kuɗin binciken bai kai ko kusa da na bugu ba. Suna irin "Ruwa Mai Tsafta" da wuya ya samu karɓuwa, tunda siffanta kayan kawai yake yi. Bayan an karɓa ana wallafa sunan, a ba masu ƙorafi wata 2, don haka kada ka yi gaggawar buga mai yawa. Rajistar farko ta shekara 7 ce, sannan a riƙa sabuntawa duk shekara 14.

Daga nan sai NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, wadda za ta nemi shaidar wannan rajista ta alamar kasuwanci, kuma ba ta yarda da sunan da ke nuna ruwan yana maganin cuta ba. Sai lambarta ta fito za ka koma wurin mai bugawa.