Kurakuran da na gaji da gyarawa a fassarar Latin

Wallahi na gaji, duk sabon ɗalibi da ya kawo min jimlolinsa ramin da na faɗa shi ne yake faɗawa, don haka bari in faɗa sau ɗaya.

Na farko, wutsiyar kalma. A Hausa in ka ce kare yana cizon yaro, jerin kalmomin ne ya nuna maka mai cizo da wanda ake ciza, Latin kuwa babu ruwanta da jeri, ƙarshen kalma take kallo. Canis puerum mordet, puerum canis mordet, duk abu ɗaya ne, wannan -um ɗin shi ya ce yaron ne ya sha haƙori. Ni da na fara, jimla 20 malami ya ba mu, na rubuta canem puer mordet ina ta murna na sa kare a gaba, ashe yaro na sa yake cizon kare, ya karanta wa aji da ƙarfi aka yi ta dariya, 4 kacal na ci. Abin haushi ma na yi nahawun Larabci, na san fa'ili (mai aiki) da maf'uli (wanda aka yi wa aikin), na san raf'i da nasbi da ke nuna su a ƙarshen kalma, kusan dabara ɗaya ce amma kaina bai kawo ba. Tun ranar ba na taɓa ƙamus sai na ja layi da jan biro ƙarƙashin wanda aka yi wa aikin.

Na biyu kunnenmu ne ke cutar mu, mun saba riga, mota, wuƙa, da mun ji -a sai mu ce mace. Sai ka ga mutum ya rubuta agricola bona, wai manomi nagari, ya sa sifar mace. Haba malam! Manomi ne fa, agricola bonus ake cewa, haka nauta (matuƙin jirgin ruwa) da poeta (mai waƙa) duk maza ne, kai da kake cewa gidan nan da ruwan nan me zai ba ka mamaki? Ga kuma jinsi na uku da ba mu da shi, ba namiji ba mace, irin su bellum (yaƙi) da vinum (giya). Ni kowace kalma da jinsinta nake haddace ta, ba na canka.

Sauran ƙanana ne. Daina liƙa ego (ni) ko'ina, amo kaɗai ta ce ina so. Za ka Rum, Romam eo, za ka gida, domum eo, babu ad (zuwa). In horto kana cikin lambu, in hortum shiga kake yi.

Kuma don Allah a daina bi ta Turanci, daga Hausa a wuce Latin kai tsaye, rabin ego ɗin nan daga can kuke kwaso shi.