Yadda zaka gano dangantakar kwaɗi da ƙadangaru ta hanyar DNA

Duk ɗalibin da zai yi furojet akan waɗannan dabbobin ya sani kama da wane bata wane. An daɗe ana ɗauka kadan Afirka ta Yamma da na kogin Nilu abu ɗaya ne, sai a 2011 gwajin DNA, har da na busassun kadojin da mutanen Masar na da suka adana, ya nuna namu jinsi ne daban, Crocodylus suchus. To in kada ya rikita masana ina ga kwaɗon kududdufi?

Ka fara da takardar izini daga makarantarku, in kuma gandun daji zaka shiga kamar Yankari sai ka nemi nasu. Kwaɗi da daddare ake nemansu, farkon damina bayan an sha ruwa, ka riƙe tocila kasa takalmin roba don fadama bata rasa maciji. Kafin ka kama ka naɗi kukanshi a waya, maza ne ke kukan kuma kowane jinsi da irin nashi. Ka ɗau hoton baya da ciki da tafin ƙafa, ka rubuta GPS da kwanan wata a take.

Inda mutane suka fi ɓata aiki wajen adanawa ne. Ɗan guntun nama ya isa, in ƙadangare ne bakin wutsiya kawai zaka yanka ka sake shi, ka jefa naman a itanol mai ƙarfi 95%, kar ka kuskura kasa a fomalin duk da shi zaka fi gani a lab, lalata DNA yake, ba zaka gane ba sai ka gama kashe kuɗin PCR, wato aikin ninka DNA a lab, kaga babu komai. Lambar samfurin da fensir zaka rubuta, itanol na wanke biro. Kasa a firiza, in wuta bata zama a unguwarku ka nemi lab mai sola.

Na kwaɗi yawanci wani yanki na DNA mai suna 16S ake karantawa a lab. Sakamako ya dawo ka zuba a BLAST, manhajar kwatanta DNA ta intanet, kaga waɗanda suka fi kusa dashi a GenBank, rumbun bayanan DNA, ka sauke su, ka jera a manhajar MEGA ka fitar da bishiyar zuriya, ka haɗa da wani dangi na nesa don tushe ya zauna. Reshen da makin tabbacinsa bai kai 70 cikin 100 ba kar ka jingina dashi.

In naka ya fita daban kar ka yi saurin cewa ka gano sabon jinsi, 16S ta wajen uwa kaɗai ake gadonsa, kuma a GenBank ɗin ma akwai masu sunan kuskure. Ka ƙara da wani yankin DNA da ake gado ta uwa da uba kamar RAG1, ka auna jikin dabbar, sannan ka kai ma sufabaiza.