Darasi na Bakwai: Yadda Jijiya Take Aika Saƙo da Lantarki

Idan ƙaya ta soki mutum a tafin ƙafa, kafin ya ce wayyo ya riga ya ɗaga ƙafar. Saƙon da ya tashi daga wurin sukar zuwa laka da ƙwaƙwalwa lantarki ne, amma ba irin wanda yake bin wayar tagulla ba, domin a jikinmu gishiri ne yake ɗauke da cajin.

Gishiri idan ya narke a ruwa yakan rabu zuwa ƙananan ƙwayoyi masu caji, waɗanda masana suke kira ayon. Biyu daga cikinsu ne suka fi shafar darasinmu, wato sodiyam na gishirin miya, da fotasiyam da ake samu a wake da ayaba. Kowace ƙwayar jijiya tana lulluɓe da wani siririn tantani wanda ayon ba ya iya ratsawa sai ta ƙofofi na musamman, kuma kowace ƙofa da irin baƙon da take karɓa. Akwai kuma wani famfo a jikin tantanin wanda ba ya hutawa: yana fitar da sodiyam uku, ya shigo da fotasiyam biyu. Saboda haka sodiyam yakan taru a waje kamar ruwan da aka tare a madatsa, fotasiyam kuma ya yi yawa a ciki. A lokacin hutu cajin ciki yana ƙasa da na waje da kusan milibolt 70, wato kimanin kashi ɗaya cikin ashirin na ƙarfin batirin tocila.

Da ƙaya ta taɓa bakin jijiya, sai cajin ya ɗan motsa. Idan motsin ya kai wani mizani, ƙofofin sodiyam sukan buɗe, sodiyam ya kwararo ciki, har cajin ciki ya haura na waje da kusan milibolt 30. Nan take waɗannan ƙofofi sukan rufe kansu, na fotasiyam su buɗe ya fita, al'amari ya koma yadda yake. Duk wannan yana faruwa ne cikin kusan kashi ɗaya ko biyu bisa dubu na daƙiƙa. Canjin da ya auku a wuri ɗaya shi yake buɗe ƙofofin da ke gaba, kamar yadda wuta take cin busasshiyar ciyawa, kuma ba ya komawa baya, domin ƙofofin da suka rufe suna bukatar ɗan lokaci kafin su sake buɗuwa. A manyan jijiyoyi masu rigar kitse, saƙo yakan yi gudun mita 100 ko fiye a daƙiƙa guda.

Masana biyu na Ingila, Alan Hodgkin da Andrew Huxley, su ne suka bayyana wannan tsari a 1952, bayan gwaje-gwaje a kan jijiyar wata dabbar teku mai suna sikwid, domin kaurin jijiyar ya ba su damar zura siririyar waya a cikinta. An ba su kyautar Nobel a 1963.

A ganina, amfanin wannan ilimi ya fi fitowa a asibiti. Allurar lidoken da ake yi kafin a cire haƙori ko a ɗinke rauni toshe ƙofofin sodiyam take yi, don haka saƙon zafi ba ya tashi daga wurin. Dafin kunama kuwa yakan hana ƙofofin rufewa da wuri, jijiya ta yi ta aika saƙo babu tsayawa, shi ya sa raɗaɗinsa yake da tsanani. A farfaɗiya ma, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne suke sakin lantarki fiye da kima a lokaci guda, kuma magunguna irin su kabamazefin suna rage saurin sake buɗuwar waɗannan ƙofofi. Wannan ne dalilin da ya sa likita yake hana mai farfaɗiya daina shan magani farat ɗaya, ko da ya daɗe bai faɗi ba.