Yadda za ki san ko rigakafin ɗanki na nan da ƙarfinsa

Fara da ɗauko katin rigakafi, ko da ya sha mai a ƙasan akwati. Kwanan watan da ke kai ne zai nuna inda aka kwana.

Duba layin Penta, allurar cinya mai haɗe da rigakafin mashaƙo, tarin shiƙa, sarƙe-haƙora, ciwon hanta na B da ƙwayar Hib mai jawo namoniya da sanƙarau. Sau 3 ake yi: sati 6, sati 10, sati 14, tare da PCV mai tare namoniya. Ɗaya ko biyu ba sa riƙe yaro. Garkuwar da ya samo daga jikinki tana ƙarewa cikin watannin farko, kuma sai an yi ta ukun tasa ke zama da gindinta. Idan an tsallake wata, ba a komawa farko. A ci gaba daga inda aka tsaya, da tazarar sati 4 aƙalla. Zazzaɓin kwana ɗaya ko biyu da kumburin cinya su ke sa iyaye ja da baya, alhali suna wucewa.

Sai ki ƙirga shekarunsa, don Penta ba ta riƙewa har girma. Kariyar tarin shiƙa da ta mashaƙo tana raguwa kaɗan-kaɗan, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙara allurar ƙarfafawa ta mashaƙo da sarƙe-haƙora sau 3: wata 12 zuwa 23, shekara 4 zuwa 7, sai 9 zuwa 15. Mashaƙon da ya ɓarke a Kano a ƙarshen 2022 ya iso har Bauchi, kuma 'yan makaranta ya fi kamawa. Don haka in an zo unguwa da gangamin allurar, kada ki ce ai an yi masa yana jariri.

BCG ta hannu sau ɗaya ce. Aikinta tare tarin fuka mai hawa ƙwaƙwalwa a ƙuruciya, ƙarfinta kan ja baya bayan shekara 10 zuwa 15. Rashin tabo ba ya sa a maimaita.

Allurar sanƙarau ta wata 9 da aka saba yi nau'in A kaɗai take tarewa. Men5CV, sabuwar allurar sanƙarau wadda Najeriya ta fara amfani da ita a 2024, ta haɗa A, C, W, Y da X. Kafin zafin Maris ya shigo, kai katin asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, ki tambayi malamar asibiti wacce aka yi masa.